Daga Fadama Zuwa Tudu: Maraɗi da Tarihin Ƙarewar Adireshin Intanet

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a Maraɗi kafin shekarar 2006 zai tuna zamanin da lambar waya take da alƙaluma shida kacal. Lambobin wayar gida na birnin suna farawa ne da 41, haka ake ganin su a allunan shaguna da kan takardun ma'aikatu. A cikin wannan shekara hukumar ARM, wadda aka kafa a 1999 domin sa ido a kan harkokin sadarwa da wasu sassan tattalin arziki, ta mayar da ƙasar Nijar baki ɗaya ga alƙaluma takwas. Wayar gida aka liƙa mata 20 a gaba, masu layin Celtel aka ba su 96, na SahelCom 93, na Telecel kuwa 94. Aka gyara alluna, aka bi littattafan lambobi da biro, ba a daɗe ba kuma aka manta an taɓa yin wani tsari kafin wannan.

Dalilin sauyin lissafi ne tsagwaronsa. Alƙaluma shida ba za su haifi lamba fiye da miliyan ɗaya ba. A wajejen shekarar 2000, sa'ad da layukan wayar gida a duk faɗin ƙasa ba su wuce dubu ashirin da ƴan kai ba, miliyan ɗaya ta yi kama da rumbun da ba za a taɓa ganin gindinsa ba. Sai ga salula ta sauka a 2001, ta bi kasuwannin hatsi ɗaya bayan ɗaya. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta bi diddigin kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Abin da ya shiga cinikin gero haka, ba sauran mai tsayar da shi. Rumbun ya kama hanyar ƙarewa, aka ƙara alƙaluma biyu, miliyan ɗaya ta koma miliyan ɗari.

Akwai wata lamba ta biyu da kowace salula mai shiga intanet take ɗauke da ita, wadda mai wayar bai taɓa haddace ta ba, galibi ma bai san da zamanta ba. Ita ma ta ƙare. An tanadi magajiyarta tun 1995, amma shekaru talatin bayan haka duniya ba ta gama ƙaura zuwa gare ta ba. Yadda aka yi aikin da Nijar ta gama cikin shekara guda ya gagari manyan ƙasashe tsawon rayuwar mutum, shi ne tarihin da ya cancanci malamai su sani, domin rabon da aka yi wa Afirka yana cikinsa.

Suna daban, mazauni daban

Mutumin Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane bambancin suna da mazauni, don kuwa tarihin garinsa a kan wannan bambanci aka gina shi. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi ta yawo, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi a wajejen 1819. Wuri ya sake, sarauta ba ta sake ba: mai gadon har yau Sarkin Katsina ake kiran sa. Haka ya faru da Gobirawa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, daga nan Mayaƙi ya kafa Tibiri, kilomita goma da ƴan kai daga Maraɗi, kuma wanda yake zaune a fadar Tibiri Sarkin Gobir ne. Manzon da aka aika wurin Sarkin Gobir a 1800 da wanda aka aika a 1850 suna guda aka faɗa musu, amma hanyar da suka bi da ƙofar da suka tsaya ba ɗaya ba ce.

A kan wannan tsari intanet take tafiya. Mutum yana rubuta suna, alal misali sunan wata ma'aikata da ya ƙare da .ne, wato alamar da aka keɓe wa Nijar tun 1996. Na'ura ba ta jin suna. Sai ta tambayi wani kundi, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, kundin ya ba ta lambar da sunan yake zaune a kanta a wannan lokaci. Wannan lamba ita ce adireshi. Saƙo kuma ba ya tafiya dunƙule. Ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli a rubuta masa adireshin mai aikawa da na mai karɓa, kamar yadda ake yi wa buhun albasa alama kafin a ɗora shi a mota. Suna ba ya ƙarewa, kullum ana iya ƙirƙiro sabo. Adireshi ne yake da iyaka, saboda gurbin da aka tanadar masa a goshin ƙulli aunanne ne.

Rabon farko

An aza ƙa'idar da ake kira IPv4, wato zubi na huɗu, a cikin wata takarda mai lamba 791 da Jon Postel ya tace a watan Satumba na 1981, bisa aikin da Vinton Cerf da Robert Kahn suka faro a shekarun 1970. Ranar 1 ga Janairu 1983 aka juya ARPANET, kakar intanet, zuwa ga wannan ƙa'ida. Adireshin yana da gurbi 32, kowane gurbi ba ya ɗaukar komai sai sifili ko ɗaya. Idan aka ninka biyu sau 32 za a samu 4,294,967,296, wato miliyar huɗu da kusan miliyan ɗari uku. Mutanen duniya a lokacin sun kai kimanin miliyar huɗu da rabi, amma kwamfutocin da ke haɗe da juna ɗaruruwa ne, kusan dukansu a jami'o'i da cibiyoyin binciken soja na Amurka. Cerf da kansa ya sha bayyana cewa shi gwaji ya ɗauki abin, yana zaton idan gwajin ya yi kyau za a zauna a gina na gaske. Gwajin ya kuɓuce daga ɗakin bincike, ya zama shi ne na gasken.

Mai rumbun da yake ganin hatsinsa ba zai ƙare ba, da masaki yake kyauta. A shekarun 1980 an yanka adireshin gida-gida, mafi girman yanki yana ɗauke da 16,777,216, kuma irin wannan yanki sukutum aka miƙa wa jami'ar MIT, aka miƙa wa kamfanonin Ford da IBM da Apple da Xerox da General Electric, kowa nasa. Ma'aikatar tsaron Amurka ta kwashi fiye da goma. Domin mai karatu ya auna girman wannan kyauta, ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar. Ke nan makaranta guda a Amurka ta riƙe adireshin da zai kusa isar kowane ɗan Nijar, babba da jariri. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Wanda yake wurin ne aka bai wa, Afirka kuwa ba ta wurin. Amma rabo idan ya tabbata, niyyar mai rabon ba ta sauya sakamakonsa. Har yanzu fiye da kashi ɗaya cikin uku na adireshin zubi na huɗu yana rubuce da sunan ƙungiyoyi da kamfanonin Amurka.

Da intanet ta iso Nijar ta hannun Sonitel a ƙarshen shekarun 1990, nahiyar Afirka ba ta da ofishin rabon adireshi nata na kanta. Ƙasashen da ke arewacin nahiyar, har da Nijar da Nijeriya, daga ofishin Turai da ke Amsterdam suke nema. Na kudu suna nema daga Amurka. Tsibiran tekun Indiya kuma daga ofishin Asiya. Injiniyoyin Afirka, cikinsu har da Nii Quaynor na Gana, suka yi ta fafutuka, suka yi wani muhimmin taro a Kwatano a Disamba 1998, amma sai a Afrilu 2005 aka amince da AFRINIC a matsayin ofishi na biyar a duniya, mazauninsa a tsibirin Moris, shugabansa na farko Adiel Akplogan ɗan ƙasar Togo. Shekara shida kawai ya samu yana ɗiba daga babban rumbu. Ranar 3 ga Fabrairu 2011, a wani biki da aka yi a birnin Miyami, hukumar IANA ta raba yankuna biyar na ƙarshe, ɗaya ga kowane ofishi. Na Afirka shi ne wanda yake farawa da 102. Idan aka tattara duk abin da ya shigo hannun AFRINIC, bai wuce kashi 3 cikin 100 na adireshin duniya ba, alhali nahiyar tana da fiye da kashi ɗaya cikin shida na mutanen duniya.

Daga nan rumbunan yanki suka riƙa faɗuwa. Na Asiya ya kai ga yankinsa na ƙarshe a Afrilu 2011, na Turai a Satumba 2012, na Latin Amurka a 2014, na Arewacin Amurka ya ƙare ƙarƙaf a Satumba 2015.

Zaure ɗaya, ɗakuna dubu

Mai karatu zai iya cewa: to, in adireshi ya ƙare tun 2011, yaya aka yi salular da ke hannun ɗalibi a Tibiri take buɗe WhatsApp ba tare da wata gardama ba? Amsar tana cikin wata dabara da aka fito da ita a 1994, ana kiran ta NAT, kuma gidan Bahaushe ya riga injiniyoyi sanin ta. Gida yana da ɗakuna da yawa, amma zaurensa ɗaya ne. Baƙo ba ya wuce zaure. Sai ya yi sallama, yaro ya fito, ya karɓi saƙo ya kai ciki, ya komo da amsa. Duniya zaure ta sani, ba ta san ɗaki ba. Haka ƙaramar na'urar da ke raba intanet a ofis take yi: ita kaɗai ke da adireshin da duniya ke gani, kwamfutocin ciki kuwa tana ba su lambobin cikin gida, irin waɗanda suke farawa da 192.168, lambobin da ake maimaita su a miliyoyin gidaje ba tare da sun yi karo ba, kamar yadda kowane gida yake da nasa ɗakin uwargida.

Da matsi ya ƙaru, kamfanonin salula suka faɗaɗa dabarar. Maimakon gida guda a bayan zaure guda, sai aka tura unguwa sukutum, wani lokaci ɗaruruwan masu waya ko fiye, a bayan adireshi ɗaya. Da wannan ne mafi yawan masu salula a Afirka suke shiga intanet. Dabarar ta yi aiki, har ta yi aiki fiye da kima, domin ita ce ta cire wa mutane jin zafin ƙarancin, ta kuma kashe gaggawar ƙaura.

Sai dai zaman zauren haya yana da farashi, ko da ba a rubuta shi a takardar kuɗi ba. Idan mutum ɗaya daga cikin masu tarayya a adireshi ya yi ɓarna a wani shafi, aka toshe adireshin, duk wanda yake bayan wannan zaure ya shiga ciki. Masu rubutu a Wikipedia daga Afirka ta Yamma sun sha kokawa da irin wannan toshewa da ba su san hawanta ba balle saukarta. Abu na biyu ya fi wannan nauyi, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Wanda yake cikin ɗaki yana iya aika yaro waje ya sayo masa abu, amma na waje ba shi da hanyar da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa kai tsaye. Makarantar da ta tara hotunan tsofaffin takardun ajami, ko ƙungiyar da ta naɗi muryoyin makaɗan fadar Gobir, idan tana son ta ajiye su a kwamfutarta a Maraɗi duniya ta zo ta gani, sai ta nemi adireshi na musamman ta biya, in ma an samu. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta ɗora kayan a rumbun wani kamfani a Turai ko Amurka. Masu tsara intanet a farko sun nufi kowace na'ura ta zama mai karɓa kuma mai bayarwa. Ƙarancin adireshi ya raba mutane gida biyu, masu shago da masu saye, kuma ba sai an faɗi ɓangaren da wanda ya zo a makare ya faɗa ba.

Abin da ya biyo baya, manomin Jiratawa zai gane shi tun kafin a kai ƙarshen zance. A farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa filin noman rani na Jiratawa, kudu da Maraɗi, kadada ɗari biyar da ɗoriya, da rijiyoyin burtsatse da famfuna da magudanan ruwa, aka auna shi aka raba wa magidanta a ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Filin da aka auna ba ya haihuwa, masu shi kuwa suna haihuwa. Duk inda aka yi irin wannan rabo, bayan tsara ɗaya sai a ga gado ya tsattsaga gona, a ga aro da haya da jingina, abin da aka bayar saboda bukata ya koma dukiya. Adireshin intanet ma kyauta aka raba shi, bisa sharaɗin bukata. A 2011, bayan kamfanin Nortel na Kanada ya karye, Microsoft ya sayi adireshinsa 666,624 a kan dalar Amurka miliyan 7 da rabi, wato kowane ɗaya dala 11 da ƴan kai. Shekara goma bayan haka farashin ya haura dala 50. Jami'ar MIT ta sayar da wani babban kaso na yankinta a 2017, Amazon na cikin masu saye. Daga Fabrairu 2024 kuma Amazon ya fara karɓar kuɗin haya a kan kowane adireshin zubi na huɗu da abokan cinikinsa suke amfani da shi, sa'a-sa'a.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Da yake Afirka ta makara wajen ɗiba, sai ya zamana rumbunta ne na ƙarshe da ya rage da sauran hatsi a duniya, a daidai lokacin da hatsin ya zama zinariya. Abin da ya auku ba abin alfahari ba ne. A 2019 binciken ƴan jarida a Afirka ta Kudu ya tono cewa an karkatar da ɗimbin adireshi daga kundin AFRINIC an sayar a ɓoye. Rahoton da ofishin ya fitar da kansa a farkon 2021 ya ƙiyasta su a kan miliyan 4 da ɗoriya. A wannan shekara kuma rigima ta ɓarke tsakaninsa da kamfanin Cloud Innovation, mai rajista a tsibiran Seshel, wanda ya karɓi adireshi fiye da miliyan 6 tsakanin 2013 da 2016. AFRINIC ya ce kamfanin yana ba da su haya a wajen nahiyar, ya nemi ya ƙwace. Kamfanin ya ce bai karya wata ƙa'ida ba, ya garzaya kotu. A Yuli 2021 kotun Moris ta rufe asusun ajiyar ofishin na wasu watanni. Ƙararraki suka yi ta hauhawa, majalisar gudanarwa ta rushe a 2022, a Satumba 2023 kotu ta naɗa mai riƙo, aka soke zaɓen da aka yi a Yuni 2025, sai a Satumba na wannan shekara aka samu zaɓaɓɓiyar majalisa.

Wannan shari'a da ake yi a wani tsibiri mai nisan dubban kilomita ta shafi Maraɗi kai tsaye, domin duk wani kamfanin sadarwa ko jami'a a Nijar da ke son adireshi na kansa, a wannan ƙofa zai yi sallama. Tun ranar 13 ga Janairu 2020 ma, ƙa'idar tsimi ta AFRINIC ta taƙaita abin da mai nema zai samu a karo guda ga adireshi 1,024. Birnin Maraɗi kaɗai, wanda ƙidayar 1977 ta samu mutum dubu 44 a cikinsa, ya kai 267,249 a 2012.

Sabon gari da ba a tare ba

Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka hango ƙarshen rumbun. A Disamba 1995 Steve Deering da Robert Hinden suka fitar da tsarin IPv6, zubi na shida, aka sake tace shi a 1998, aka tabbatar da shi cikakkiyar ƙa'ida a Yuli 2017. Ɗalibi mai kaifin ido zai tambayi inda na biyar ya shiga. An riga an ba wani gwaji na daban wannan lamba, shi ya sa aka tsallake ta. Sabon adireshin gurbi 128 gare shi. Yawansa ya fi ƙarfin sunayen ƙidaya, sai dai a ce 340 da sifili 36 a bayansa. Misali ɗaya ya isa: mafi ƙanƙantar kason da ake bai wa kamfanin sadarwa yana iya yankuwa gida miliyar huɗu da ɗoriya, wato adadin dukan adireshin tsohuwar intanet, kuma kowane gida daga ciki yana da ɗakunan da ba za a taɓa cika su ba.

Me ya hana a yi yadda Nijar ta yi a 2006, a liƙa alƙaluma a gaba a wuce wurin? Lambar waya, cibiyoyin kamfanoni ne suke karanta ta, kuma cibiyoyin ƙididdigaggu ne, suna ƙarƙashin hukuma guda mai ikon sa rana. Adireshin intanet kuwa kowace na'ura ce take karanta shi, tun daga salula har manyan na'urorin da ke bakin wayoyin ƙarƙashin teku, kuma tsohuwar na'ura an gina ta ne a kan ta ƙirga gurbi 32 ta tsaya. In aka miƙa mata 128 ba za ta gane ba. Saboda haka zubi na shida ba faɗaɗa tsohon gari ba ne, sabon gari ne aka yanka a gefe, wanda mazauninsa ba ya iya magana da na tsohon gari sai da tafinta a tsakani.

A nan ma Maraɗi tana da abin tunawa. Tsohon birnin a fadamar Gulbin Maraɗi yake, kewaye da ganuwa. A ƙarshen daminar 1945 gulbi ya cika ya ci gari. Hukumar mulkin mallakar Faransa ta yanke shawarar a tashi a hau tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka yanka filaye murabba'i, aka aza fada da kasuwa. Unguwanni suka hau da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Limanci. Wannan tudu ne ya ba garin sararin da ya ɗauki cinikin gyaɗa, ya ɗauki alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, ya ɗauki Sabon Gari da Zariya da sauran unguwannin da suka biyo baya. Abu biyu suka haɗu suka sa ƙaurar ta yiwu cikin ɗan lokaci: ruwa ya rushe tsohon mazauni, kuma akwai mai iko da ya ce a tashi, ko ana so ko ba a so.

Intanet ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Ba ta da kwamanda, tsohon garin kuma bai rushe ba. Cunkushewa kawai ya yi, haya ta yi tsada. Wanda ya riga tarewa a tudu ba ya samun ladan gaggawarsa, don dole ya ci gaba da riƙe gidansa na fadama muddin abokan hulɗarsa suna can. Riƙon gida biyu kuwa kashe kuɗi biyu ne, da tsaro biyu, da ma'aikatan da suka san duka biyun. Shi ya sa kowa ya zauna yana jiran maƙwabcinsa. An yi ƙoƙarin karya wannan jira da yarjejeniya: ranar 8 ga Yuni 2011 manyan shafuka irin su Google da Facebook suka kunna sabon tsarin na kwana ɗaya don gwaji, ranar 6 ga Yuni 2012 suka kunna shi dindindin. A lissafin Google, masu iso masa ta zubi na shida sun kai kashi 10 cikin 100 a farkon 2016, suka kai kashi 40 a 2022.

Wani abin lura shi ne waɗanda suka yi nisa ba lalle masu tsohon arziki ba ne. Indiya, wadda ita ma aka yi rabon farko ba ta nan, ta haura kashi 70, mafi yawa saboda kamfanin Reliance Jio da ya buɗe a 2016 ya gina hanyarsa a kan sabon tsari tun daga tushe. Wanda ba shi da babban gida a fadama, hawa tudu ya fi yi masa sauƙi. Wannan hujja ta fi dacewa da Afirka fiye da kowace nahiya, amma ita ce a baya a wannan ƙaura, kuma ragowar hatsin da ke rumbun AFRINIC na daga cikin abin da ya sanyaya mata jiki.

A Nijar, mafi yawan salulolin zamani da ake sayarwa a kasuwar Maraɗi sun iya zubi na shida tun daga masana'anta, haka ma kwamfutocin da ke ɗakunan karatu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Abin da ya rage yana hannun kamfanonin da ke ɗauke da layi, wato Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, da hukumar ARCEP da ta gaji aikin sa ido a 2018, da kuma duk wani shugaban ma'aikata da zai sa hannu a takardar sayen na'ura ba tare da ya tambaya ko ta iya sabon tsari ba. Na'urar da aka saya yau za ta yi shekara goma tana aiki. Haka kuma ɗalibin da aka koya wa lissafin gurbi 32 kaɗai, aka ce masa ya gama sanin adireshi, an yaye shi ne a kan taswirar garin da ake tashi daga cikinsa. Wata ƙofa kuma ta buɗe daga inda ba a zata ba: Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar bisa izini a Maris 2025, yana bai wa masu faifansa adireshin zubi na shida kai tsaye, na zubi na huɗu kuwa a zauren tarayya yake tara su.

Inda aka samu mai ikon sa rana, an fara sa wa. Gwamnatin Amurka ta umarci ma'aikatunta a Nuwamba 2020 da su mayar da mafi yawan na'urorinsu ga sabon tsari shi kaɗai. Gwamnatin Jamhuriyar Cek kuma ta yanke a Janairu 2024 cewa shafukan hukumominta za su daina amsawa ta zubi na huɗu daga ranar 6 ga Yuni 2032.